Ranar da Muka Hau Dutsen Gwauro

Zuwa ga ɗana Tanko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Zariya kafin jirgin ƙasan da za ku hau ya tashi. Innarka tana gaishe ka, yayyenka mata duka suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka inda za ka sauka, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Direban motar audugar da zai miƙa maka takardar zai ba ka ƙunshi. Rigar sanyi ce na ɗinka maka, na cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu. Ban san ko irinta masu aikinku suke sawa ba. In ta yi maka nauyi, ka shimfiɗa ka kwanta a kai.

Ka ce masu safiyo, masu auna ƙasa, sun ɗauke ka aikin jan sarƙar awo, kuma ƙasar Jos za a kai ku, inda aikin duk hawan duwatsu ne, ga sanyi. Tun ranar da ka tafi nake so in yi maka nasiha kamar yadda kowane uba yake yi, sai in zauna gaban keken ɗinki in rasa ta inda zan fara. Me na sani game da dutse? Ni tela ne, a zaune na tsufa. Dutse ɗaya na taɓa hawa a duniya, shi ma tare muka hau. Don haka ba ni da abin ba ka sai kurakuran wannan rana.

Kana da shekara goma sha biyu, kana elementare a Ikara. Malaminku ya gaya muku cewa Turawa sun gina ginshiƙin siminti a kan Dutsen Gwauro, wancan na bayan Furana, kuma wanda ya tsaya a wurin yana iya hango hayaƙin jirgin ƙasa can wajen Likoro. Ka zo rumfata ranar kasuwa, Garba Mahauci da wasu suna zaune ana hira, ka durƙusa ka gaishe su, sannan ka ce, "Baba, ka taɓa hawa Dutsen Gwauro?"

Har yau ban san abin da ya buɗe bakina ba. Na ce, "Ni? Sau nawa! Muna samari can muke zuwa shan iska."

Garba ya ce, "Kai Idi, yaushe?"

Na ce, "Kafin ka dawo garin nan."

Tanko, ban taɓa ko zuwa gindinsa ba. Daga hanyar kasuwa nake hango shi kamar kowa. Ina jin don ka dube ni da wannan ido ne, kai kaɗai namiji bayan mata huɗu, na ji ba zan iya cewa ban sani ba. Sai ka ce, "To ka kai ni." Mutane suna saurare. Na ce bayan an gama girbi.

Ga nasihata ta farko. In shugabanku ya tambaye ka ko ka san hanya, ko ka iya wani aiki, kuma ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba tun a wurin. Kunyar ba ta wuce ta ɗan lokaci. Ni na ƙi jin ta a rumfa, sai na je na ji wadda ta fi ta a kan dutse.

Aka gama girbi, ɗari ya kankama. Na yi ta sa rai ka manta, ba ka manta ba. Ranar da za mu tafi, muna idar da sallar asuba, hannu ba ya ko iya riƙe buta don sanyi. Na sa taguwa biyu, na ɗora babbar riga, na yafa bargo, na naɗa rawani har baki. Na kuma ɗauko takalman fatana na salla, masu santsin ƙasa, wai don kada mutanen Furana su ga tela da tsohon takalmi. Innarka ta miƙo mini gorar ruwa da ƙuliƙuli da soyayyar gyaɗa. Na karɓi ƙuliƙulin da gyaɗar, na ajiye gorar a zaure. Ka ce, "Baba, ruwan fa?" Na ce, "Wa zai ji ƙishirwa a wannan ɗari?"

Kada ka bar ruwa, ko da haƙoranka suna haɗuwa don sanyi. Wannan kam na tabbata da shi. Maganar tufafi ce har yanzu ban gane ba. In ka sa da yawa, za ka jiƙe da gumi kana hawa, in ka tsaya gumin ya zama ƙanƙara a jikinka. In ka sa kaɗan, iskar sama ta huda ka. Ban san daidai ɗin ba. Ka dubi abin da tsofaffin ma'aikata suke yi ka yi irinsa.

Dutsen da nake gani kamar in miƙa hannu in taɓa, sai da hantsi ya yi sosai muka isa gindinsa. A nan muka tarar da wani dattijon Bafillatani, wanda daga baya na san sunansa Sambo, shanunsa suna cin kara a gonar da aka girbe. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da sanyi. Ya dubi bargona, ya dubi takalmana, ya ce, "Malam, ina zuwa haka?"

Na ce sama za mu.

Ya ce, "To. In kun kai tsamiyoyin can biyu, ku bi dama. Hanyar awaki ce, tana kewayawa a hankali. Kada ku bi goshin nan, santsi ne. In rana ta karkata ku sauko ta inda kuka hau. Bayan dutsen inuwa ce, sanyinta ba na wasa ba ne."

Yana fuskantarmu yana cewa dama, sandarsa kuma tana nuna wajen da yake hagu a gare ni. Damarsa yake nufi ko tawa? Ko dai sandar ba nuni yake yi da ita ba, saniya yake kora? Tambayar tana bakina. Amma kana tsaye kusa da ni, kuma ai na ce sau da yawa na hau. Sai na ce, "Haka ne, na san wurin." Da muka kai tsamiyoyin na tsaya kamar ina gyara rawani, na yi bisimilla a zuci, na zaɓi ɗaya. Ba na ma tuna wacce na zaɓa.

In mutum ya kwatanta maka hanya, ka maimaita masa da bakinka, ka nuna da hannunka, har ya ce e. Kuma makiyayin da yake kwana a gindin dutse ya fi mai takarda sanin dutsen, ko da takardar ta Bature ce. Ka gaishe su da kyau duk inda ka gan su.

Mun fara hawa ina gaba kana baya. Ba a jima ba numfashina ya fara fita da ƙara, ƙirjina kamar ana daka a ciki. Gumi ya jiƙa taguwar ciki. Na cire bargon na ɗora a kan wani dutse mai kama da turmi, na ce in mun dawo mu ɗauka. Takalman suka fara zamewa, sau biyu ina dafa ƙasa da hannu. Na cire su na rataya a wuya, sai fason da ɗari ya yi mini a dunduniya ya buɗe, ina taka dutse ina barin jini. Kai kuwa da takalminka na tayar mota kana ta hawa kamar ɗan akuya, kana jirana kana yi kamar ba jirana kake yi ba.

Abin da ya fi ruɗa ni, duk sanda na ɗaga kai na ce ga ƙarshen nan, in mun isa sai wani kan ya fito a bayansa. Sau uku ina ce maka mun iso. A na huɗu ban ce komai ba.

Rana ta take tsaka muka fito wani fili na dutse tsantsa. Iska ta buge mu. Ban taɓa jin irinta ba, ga rana a kanka amma jikinka yana rawa. Maƙogwarona ya bushe, ƙuliƙulin da muka ci a hanya ya tsaya mini a wuya. Na duba gabas da yamma ban ga ginshiƙi ba. Can gefe akwai wani tudun da ya fi namu tsawo, tsakaninmu da shi kwazazzabo. Ƙafata ta riga ta ƙare. Sai na ga wasu duwatsu an tara su wuri guda, ban san wa ya tara ba, na ce, "Ga shi nan. Ginshiƙin Turawa ke nan."

Ka zagaya shi, ka taɓa, ka ce, "Baba, Malam ya ce na siminti ne."

Na ce, "Ruwan damina ya wanke simintin."

Ka ce, "To, Baba."

Can nesa muka ga wani hayaƙi, na ce jirgi ne. Ka daɗe kana kallonsa. Hayaƙin bai matsa daga inda yake ba. Ina jin kara wani yake ƙonawa a gonarsa.

Yanzu da za ka riƙa ganin ginshiƙan nan kullum, ka san ba haka suke ba. Wataƙila ma tun a ranar ka sani. Abin da zan ce maka shi ne, in ba ka kai inda aka aike ka ba, ka dawo ka ce ba ka kai ba. Aikinku awo ne, in ka ce nan ne alhali ba nan ba ne, wani zai gina a kan maganarka.

Muka yi taimama za mu yi azahar. Na fuskanci wani waje, ka ce, "Baba, kamar gabas nan ne, ga garinmu can." Na duba inda ka nuna, na ga rufin ɗakuna da rumbuna, amma duk ƙauyukan daga sama iri ɗaya ne. Na ce ka bi ni kawai. Allah ya karɓa, domin har yau ban san inda muka duba ba.

Saukowa ce ta fi komai. Na zaci hawa ne wahala, ashe in ka juyo dutsen sai ya zama wani dutsen dabam. Ko'ina na duba akwai dutse mai kama da turmi, babu wanda yake da bargo a kai. Muka isa wani wuri da hanya ta rabu, ka tsaya ka ce, "Baba, ta nan muka zo. Na tuna bauren can da ya fito daga tsagar dutse."

Na ga bauren. Wallahi na gan shi, kuma wani abu a zuciyata ya ce gaskiyarka ne. Amma tun safe nake kuskure, kuma na ji in na yarda da wannan, duk sauran za su fito fili. Na ce, "Baure ɗaya ne a dutsen nan? Ni zan koya maka ko kai za ka koya mini?" Ka sunkuyar da kai, ka biyo ni.

Haka muka faɗa bayan dutsen, inda Sambo ya ce kada mu bi. Rana ta ɓace mana tun la'asar ba ta yi ba. Rigunan da gumi ya jiƙa suka manne mana kamar an tsoma su a randa. Ka daina magana. Da na waiwaya sai na ga leɓenka ya yi fari, haɓarka tana kaɗawa. Na cire babbar rigata na rufa maka, ita ma a jiƙe take, ban sani ba ko taimakonka na yi ko ƙara maka na yi. Ina cikin sauri in fitar da mu, ƙafata ta zame, na tafi a zaune har sai da wani kututture ya tare ni. Na tashi, ƙafar dama ta ƙi taka ƙasa. Targaɗe.

Kai ka sa kafaɗarka a ƙarƙashin hammatata. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, yana rawar sanyi, yana ɗauke da ubansa. Kana cewa, "Taka nan, Baba. A'a, nan." Daga wannan wuri ban sake cewa ga hanya ba. Kai ka ji kukan shanu, kai ka ce mu bi shi.

In wanda yake ƙasa da kai ya ce ba nan ba ne, ka tsaya ka duba abin da ya gani. Amma in kai ne a ƙasa fa, kuma na samanka ya ƙi ji? A nan na rasa abin da zan ce maka. Na raine ka a kan bin na gaba, kuma ina alfahari da ladabinka. Ladabin nan ne kuma ya sa ka biyo ni cikin inuwar da ta kusa kashe ka. Na yi ta juya maganar ina taka keke, har na ɗinka hannun riga a baibai. Iyakar abin da na samu shi ne, ka faɗa sau biyu. Ka faɗa da ladabi, in an ƙi ka sake faɗa, da ƙarfi kaɗan. In abin na rai ne, ka tsaya cak ka ƙi tafiya, a yi maka faɗa daga baya. Ban sani ba ko wannan nasiha za ta sa a kore ka daga aiki. Na fi so a kore ka.

Ana kiran magariba a wani ƙauye muka faɗo rugar Sambo. Bai ce mana komai ba sai sannu. Matarsa ta zaunar da kai bakin wuta, ta cire maka jiƙaƙƙun kaya, ta lulluɓe ka da zanenta, ta ba ka madara mai zafi. Shi kuma ya ja mini ƙafar ya ɗaure. Na tambaye shi ginshiƙin Turawa, ya ce yana kan ɗaya tudun. Daga baya Garba ya rantse mini babu wani ginshiƙi ko'ina, malaminku kuma ya ce wanda muka hau ɗin ma ba shi ake kira Gwauro ba. Ka ga ko sunan dutsen da muka hau ban tabbata ba.

Da safe Sambo ya ɗora mu a kan takarkarinsa ya kawo mu gida. Mun tarar da ƙofar gida cike da mutane, an kwana ana nemanmu, innarka ko ruwa ba ta sha ba. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ka, tari ya biyo baya, ciwon haƙarƙari ya kama ka. Ka kusa wata a kwance, har sai da muka kai ka ɗakin shan magani na Ikara aka yi maka allura. Akwai kwana biyu da ba mu zaci za ka tashi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A rana ta biyu da kwanciyarka, innarka ta tsare ni a ƙofar ɗakin da kake, Garba da wasu maƙwabta suna tsakar gida sun zo dubiya. Ta ce, "Malam, kai da ka san dutsen nan, yaya aka yi kuka ɓata?"

Na ce, "Yaron ne. Ya ruga gaba bai jira ni ba, ina bin sa ina kira, har muka saki hanya."

Na faɗa na juya, sai na ga idonka biyu a kan tabarma. Ka dube ni, ka juya fuska wajen bango.

Da ka warke innarka ta yi maka faɗan da ba ta taɓa yi maka ba, tana kuka tana cewa ka kusa kashe kanka ka kashe ubanka. Garba ya sa maka suna Sarkin Gaggawa, sunan ya bi ka har makaranta. Shekara tara ke nan. In ka zubar da ruwa a ce gaggawa, in ka yi tuntuɓe a ce gaggawa. Ranar da ka ce za ka tafi aikin nan ma, abin da innarka ta fara cewa shi ne, "Mai gaggawa a kan dutse?" Ina zaune ina ji. Kai ma kana ji. Ba ka taɓa buɗe baki ba, ko sau ɗaya, ko da muna mu biyu a rumfa kana taya ni sa maɓalli.

Ban gane ba, Tanko. Don ka rufa mini asiri ne? Ko tsorona kake ji? Ko kuwa tun daga ranar ka cire ni daga cikin mutanen da ake gaya wa magana? Kuma mutumin da dutse ya yi wa haka, me ya kai shi neman aikin hawan dutse? Na tambayi kaina har na gaji. In ka ga dama ka ba ni amsa, in ba ka ga dama ba, ba ni da bakin tilasta ka.

Kada ka ɗora laifinka a kan wanda ba zai iya musa maka ba. Wannan ba nasiha nake yi maka ba, don kai ba ka taɓa yi ba. Roƙo nake yi, ka yafe mini.

Na rubuta har nan ranar Laraba, sai na ga ba daidai ba ne takarda ta sani, innarka ba ta sani ba. Na same ta da hantsi tana kaɗi a tsakar gida, na zauna na gaya mata duka, tun daga rumfa. Ba ta daina kaɗin ba sai da zaren ya tsinke. Ta ajiye mazarin. Sannan ta ce, "To ni faɗan da na yi masa fa, ina zan kai shi?" Ta shiga ɗaki. Da la'asar ta fito ta ce in rubuta maka da bakinta, ga shi kamar yadda ta faɗa: "Tanko, ban sani ba. Kai ba mai gaggawa ba ne. Ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka."

Ta kuma ce tunda a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tsayar da Garba da sauran a ƙofar rumfa na faɗa musu. Sai Garba ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce, "Ashe tun tuni sarautar ba ta hannun mai ita." Yau da safe da na zo buɗe rumfa, tun daga mahauta ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Gaggawa!" Na amsa.

Allah ya kiyaye ƙafarka a hawa da sauka. Allah ya raba ka da mugun sanyi da mugun aboki, ya ba ka shugaba mai saurare. Ka riƙe salla ko ina take ta same ka. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya, mu gan ka da idonmu. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Idi Tela